Cinikin Farko a Ƙofar Gwaggo Sau

Da na dawo garinmu Sa Dec daga karatu a Finland, kowa ya zaci aikin ofis zan nema a birnin Saigon. Ni kuwa na sayi kujerun roba da tebur uku da akwatin ƙanƙara, na buɗe wurin shan gahawa a ƙofar gidan Gwaggo Sau, yayar mahaifina. Ƙofar tana kallon mashigar jirgin fito, duk mai ƙetare kogi sai ya bi ta nan. Aro ta ba ni wurin. Sharaɗinta ɗaya, kar in jawo mata abin magana.

Sana'ar ta karɓe ni. Kafin gari ya waye na dafa ruwa, na jera matatai a kan kofuna, gahawa tana ɗiga a kan madarar gwangwani. 'Yan babur da mata masu furanni suka saba da wurin. Babu mai ba ni umarni, da rana kuma ina rufewa in yi barcina.

Damuwar ɗaya ce, Baba Tam, tsohon matuƙin jirgin fito. Kullum shi ke fara zuwa. A wurinmu wanda ya fara saye shi ke buɗe kasuwar yini, shi kuwa duk gari an yi ittifaƙi farar ƙafa gare shi. Jirginsa ya nutse, matarsa ta rasu, kifin da ya kiwata ya mutu a tafki. In masu kaya suka hango shi da safe sai su ce ba su buɗe ba tukuna. Ni ina ba shi gahawarsa, baƙa, ba sukari. Ya sha, ya biya, ya tafi.

Wata safiya yana tashi Gwaggo ta fito da tsohuwar jarida, ta cinna mata wuta, tana kaɗa hayaƙin a kan kujerar da ya zauna, wai korar farar ƙafa take.

"Gwaggo, mutumin ko titi bai ƙetare ba."

"To ya gani mana. Ni na gayyace shi? Ke Diem, jiya ƙanƙararki ta narke, shekaranjiya ruwa ya kori mutane. Ba ki da ido ne?"

"Damina ce, Gwaggo."

"Damina a gidanku. Ko ki daina buɗe kasuwa da shi, ko ki kwashe kujerunki ki kai ƙofar Turawan da suka koya miki."

Ba wasa take ba. Wuri irin wannan kuwa ba zan sake samu ba. Amma ban ga yadda zan dubi dattijo in ce masa ban buɗe ba, ga ruwa yana tafasa a gabansa.

Da yamma na same ta tana gyaran ganye.

"Zuwansa ne ba kya so, ko dai ya zama na farko?"

"Na farko mana. In ya ga dama ya yini."

"To ke ki riga shi. Ai har a kasuwa ana cewa hannunki da albarka."

"Ni? In sayi gahawa a ƙofar gidana?"

"In kyauta ce ba ciniki ba ne, ke kika koya mini."

Ta harare ni. Washegari sai ga ta da rigar barci, gashi a hargitse, ta dangwarar da kuɗinta a tebur. Tana kurɓar farko Baba Tam ya iso.

"A'a, Yaya Sau, yau kuma da me aka tashi? Ko gobara ake yi a ciki?"

"Kai ne gobarar. Zauna can nesa, kar ka shafa mini."

"Jaridar ta ƙare ne? In kawo miki tawa, na gama karantawa."

Haka suka ɗore. Ita ta ce masa kifi ma gudunsa yake, shi ya ce mata mijinta ma ai hutu ya tafi lahira. Mutane suka fara sammako don su ji su.

Ran nan Gwaggo ta makara. Ruwa ya tafasa, na jera kofuna, ba ta fito ba. Na hango Baba Tam a ƙetaren titi, tsaye a gindin fitila, hannuwa a baya.

"Baba, ƙaraso mana, na buɗe."

"Ba ki buɗe ba. Je ki taso ta."

"Ni ban yarda da wannan zancen ba, ka sani."

"Ni ma ban ce na yarda ba. Amma in ta kore ki, ina zan sha gahawa? Yi sauri, ƙafata na ciwo."

Na shiga na buga mata ƙofa. Ta fito tana mita, ta biya, ta zauna, sannan ta ɗaga murya.

"Kai tsoho, me kake yi a can kamar ɓarawo? Ƙetaro mana!"

Ya ƙetaro. Na ɗora masa matata a kan kofi.