Burodi a Kwanon Marigayi

Tun da Fumie ta sami aikin safe a gidan kula da tsofaffi, tukunyar shinkafa ta daina tafasa da safe a gidan mijinta Tsutomu Kagaya. Shi kansa bai lura ba, sai ranar da ya durƙusa gaban ɗan akwatin magabata, inda suke ajiye hotunan mamatansu suna sa musu abinci, zai kunna turare, ya tarar da yankan burodi a ɗan kwanon tagullar marigayi mahaifinsa, har da man shanu a shafe.

A garinsu na Akita, cokalin farko na shinkafar safe rabon mamata ne. Haka ya taso ya gani. Mahaifinsa kuwa manomin shinkafa ne har ya koma ga ƙasa.

"Nanase!" ya ƙwala wa 'yarsa kira. "Wa ya sa wannan?"

Ta leƙo da kayan makaranta, baki cike. "Ni ce. Ba cewa ka yi abin da muke ci shi ake ba Kaka ba?"

"Shinkafa nake nufi!"

"To yaushe rabon da mu ci shinkafa da safe, Baba?"

Ya tsaya yana lissafi a ransa, ya kasa tunowa. Ashe tsohon nan ya daɗe yana karyawa da burodi, ko ma yana wuni da yunwa?

Ya buga wa yayarsa Setsuko waya, ita da ta san ka'idar komai.

"Burodi?" Ta kwashe da dariya. "Kai dai Tsutomu, ba ka rasa abin tayar da hankali. Ni ta kanti nake saya, dafaffiya a leda, in ɗumama in sa wa Baba a nan gidana."

"Yaya, ta leda? Wa Baba?"

"To da fa? Ka manta a ƙarshe likita ya hana shi cika ciki da shinkafa, ya hana shi gishiri? Ai 'yarka ta fi ka tausayinsa."

Ya ajiye wayar ya ƙara rikicewa. Abincin da ya raini tsohon shi aka ce ya cuce shi. Na yanzu kuma, nama da madara, shi ya sa Nanase ta kere kowa tsawo a dangi, shi ne kuma ya ajiye wa Tsutomu tumbin da likita ke ta yi masa faɗa a kai.

Washegari ya riga kowa tashi, ya wanke shinkafa da kansa, ya cika tukunya. Ya ɗebi cokalin farko yana tururi ya kai wa mahaifinsa. Ragowar ba wanda ya taɓa. Fumie ta fice da kofi a hannu, Nanase ta gasa burodinta.

"Ke," ya ce wa Nanase a hankali, "ranar da aka ajiye hotona a nan, me za ki riƙa sa mini?"

"Haba Baba, da sassafe?" Ta saɓa jaka. "To faɗi abin da kake so tun yanzu, kada ka zo kana mini fushi daga can."

Ya buɗe baki zai ce shinkafa. Sai ya tuna shi ma shekara da shekaru ba ta shiga cikinsa kafin rana ta take.

"Baba, zan makara."

"Je ki," ya ce. "Zan yi tunani."