Sautin Jiya

"Sake kunna min," in ji Baba Hamad.

Mahasin ta sake danna wayar, ta kara masa a kunne. Hannunta duk ƙanshin man shanu, don daga gaban furun, tandun gashinta, ta taso. Tsohon ya lumshe ido. Gunjin ƙudan zuma ya fito daga wayar ƙasa-ƙasa, can bayansa mai sayar da gas na buga tukunyarsa a titi.

Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon Janairu, ƙafarsa ba ta sake taka rufin gidan ba. Bene ne hawa shida a unguwar Arba wa Nus, inda gudun hijira ya kawo su, matakalarsa ko mai lafiya sai ya huta a hanya. 'Yarsa Awadiyya kuwa asubar fari take fita aikin gida a unguwar Mohandessin. Sai kula da amyoyinsa ya faɗo kan Mahasin, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, wadda ke gasa ka'ak da biskit a ɗakinta. Mace ce da ke zaro tire daga wuta da ɗan tsumma ko a jikinta, amma ƙudan zuma ɗaya ya gifta ta sai ta kira sunan uwarta.

Amya uku ya bari a sama. Biyu sun mutu a tsakiyar sanyi, saura ɗaya. Dokarsa ita ce ba a buɗe amya ranar iska, sai dai a ƙwanƙwasa katakon a kara kunne. Kunnen Mahasin bai san bambancin ƙudan da suka ƙoshi da masu yunwa ba, shi ya sa kullum take ɗauko masa sautin a waya, shi ya fassara. Burinsa bai wuce su kai fitowar furen lemo da ransu ba.

Yau da safe ta ƙwanƙwasa sau uku, ba abin da ya amsa. Ta sauko jiki a sanyaye, ta gasa tire uku da ba wanda ya ce ta gasa, sannan ta shigo ta kunna masa sautin jiya.

"Mai gas ɗin nan akwai riƙon alkawari," Baba Hamad ya ce, idonsa a rufe. "Jiya sau huɗu ya buga, kare ya yi haushi. Yau ma sau huɗu. Karen ma bai canja magana ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Mahasin lokaci guda. Ta durƙusa gefen gadon.

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Wallahi tsoro na ji. Na ga jikinka yau..."

"Tun yaushe suka yi shiru?"

"Tun da safe."

"Ga azahar ta kawo kai." Ya yi tari mai tsawo, har Awadiyya ta fito daga kicin a guje. Ba ta je aiki ba yau, don tun asuba numfashinsa ya canja. Da ya samu kansa ya ci gaba. "Ba lallai mutuwa ba ce, 'yata. Yunwa ce. A watan Amshir ɗin nan na ƙarshen sanyi uwarsu take fara ƙwai, sai cin su ya ninka. Kwaɓin sukarin da kika sa musu ya ƙare, iska ta hana ki dubawa kwana biyar. Laifina ne, ni na kafa dokar. Furun ɗinki da sauran zafi?"

"Da saura."

"Sa bulo biyu a ciki, ki naɗe su da tawul. Ki dama sukari a ruwan ɗumi. Ɗumi na ce, kada ki tafasa, ba kek ɗin basbusa za ki jiƙa ba. Ki buɗe, ki yayyafa musu da yatsa kaɗan-kaɗan, ki jingina bulon a gefe, ki rufe."

"In buɗe? A iskan nan?"

"Yau dai ki buɗe." Ya fara jan bargon da ke jikinsa. "Ki lulluɓe su da wannan. Ya fi kowanne kauri a gidan."

Awadiyya ta riƙe bakin bargon. "Haba Baba! Khalas, ya isa mana. Likita ya ce kada sanyi ya taɓa ka. Ƙwari ne fa!"

Ya dube ta, babu faɗa a idonsa. "Amya arba'in na bari a Sinnar, Awadiyya."

"Na sani. Kowa ya bar nasa."

"Ba ki sani ba. Daren da za mu taso saboda yaƙi na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe musu ƙofa da tsumma, don motar da za ta kwashe su za ta zo da asuba. Motar ba ta zo ba, harbi ya zo. Sai da muka tsallaka kogi na tuna ban cire tsumman ba." Ya ƙara riƙe bargon. "Da na bar su a buɗe, da sun nemi wata bishiya. Ni na rufe su da hannuna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwarki."

Awadiyya ta saki bargon. Ta buɗe akwati ta ɗauko tob ɗinta biyu, manyan mayafanta, ta ninka ta rufa masa.

Mahasin ta hau da bulo a cikin bokiti, bargo a kafaɗa, kwanon ruwan sukari a hannu. A sama iska na kaɗa shanyar mutane, tana girgiza faifan dish. Amyar na nan bayan tankin ruwa inda Baba Hamad ya raɓa ta. Ta manta ragar fuska a ƙasa, ba ta kuma koma ba. Ta yi bismillah ta ɗaga murfin.

Abin da ta gani ya karya mata zuciya. Rabinsu zube a ƙasan akwatin, sauran manne a saƙa, da yawa sun cusa kai cikin ramukan da babu ko ɗigon zuma. Takardar da ta ɗora kwaɓin a kai sun lashe ta fes. Ta tsoma yatsu a kwanon ta yayyafa, yadda take yayyafa riɗi a kan ka'ak. Ta jingina bulon, ta mayar da murfi, ta lulluɓe akwatin da bargon, ta bar 'yar ƙofar a buɗe. Sai da ta duba ƙofar nan sau biyu.

Ta zauna ta ba iska baya, ta jira. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta sake buɗewa ta ƙara yayyafi. Aka kira la'asar a masallacin bayan layi, wani masallacin ya karɓa, ba ta motsa ba. Ƙafarta ta yi tsami, hancinta na zuba. Ta roƙi Allah da Hausa, ta roƙe Shi da Larabci, har ta koma lallashin ƙudan kamar yaran da suka ƙi cin abinci.

Da ta ƙwanƙwasa karo na biyar, wani abu ya amsa. Siriri ne ƙwarai, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta ɗauka kunnenta ne. Ta sake bugawa, ya ƙaru. Ta manna wayar a katakon, ta ɗauki minti guda cur, har da tarin da ya kubce mata, don kada a ce na jiya ne.

Ta sauko da gudun da rabonta da shi tun tana budurwa. A hawa na huɗu ta ji salati. Ƙofar a buɗe take, takalman maƙwabta biyu a bakinta. Awadiyya na zaune a ƙasa, ta ja tob ɗin ta rufe masa fuska.

"Sun tashi," Mahasin ta ce, don ba ta san me kuma za ta ce ba. "Wallahi sun tashi."

"Sau biyu ya tambaya." Muryar Awadiyya ta dishe. "Na ce masa kin aiko, sun tashi. Ya yi murmushi ya ce, bari dai Mahasin ta zo, in ji da kunnena."

Mahasin ta sulale ta zauna a jikin bango. Sa'o'in nan na safe da ta ɓata a gaban furun suka dawo mata a rai, ta yi kuka mai ciwo, ba wanda ya hana ta. Mata suka ci gaba da shigowa, wani ya tafi kiran liman.

Can sai Awadiyya ta matso kusa, tana kallon hannun rigar Mahasin. Ƙudan zuma ɗaya ya biyo ta daga sama, jikinsa jiƙe da ruwan sukari, yana tafiya da ƙyar. Wata mata ta ɗaga takalmi, Awadiyya ta tare ta da hannu. Ta miƙa yatsanta a hankali. Ƙudan ya tsaya, ya shafa fukafukinsa, sannan ya hau.