Keken da ya zama wurin shanya

Keken Maman Aku yana rataye a bangon lungun da ke tsakanin ƙofar shiga da kicin, tun ranar da cikinta na biyu ya yi nauyi har likita ta ce ta ajiye shi. Da shi take zuwa gidan burodin da take aiki a da, tana gangara titin bakin kogi iska na kaɗa mata mayafi. Yanzu kuwa ya sami sabon aiki. Gidansu a saman bene yake, ba baranda ba tsakar gida, don haka tawul da wandunan jariri da 'yan safa suka lulluɓe shi har ba a ganin komai sai ƙasan tayoyinsa.

Duk ranar hutu, Baban Aku yakan ɗora babbar 'yarsu a kujerar bayan kekensa su tafi yawo. Yarinyar ba ta rufe baki sai barci ya sace ta, shi ya sa ake ce mata Aku. Uwar kuwa sai ta tsaya a taga da jariri a kafaɗa, tana kallonsu har su sha kwana. Kwanan baya ma ta fara jin ƙararrawar kekensa da wata murya mai dishi-dishi, irin ta nata keken sak. Ta ce a ranta ai kamfani ba guda ɗaya ya ƙera ba.

Ba wanda ya kulle ta, amma a kulle take. Daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai bakin taga. Ta san kowane tsagu a silin, ta san lokacin da maƙwabcin sama ke jan kujera. Akwai ranakun da takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada yara su ji tana kuka.

Abu ɗaya take jira, wato wuyan jaririn.

"Ba za ki ɗora shi a keke ba sai wuyan nan ya yi ƙwari," in ji nas ɗin asibitin yara. "Sai ya ɗauki hular kwano kansa bai langaɓe ba."

To, ga shi Allah ya yi wa yaron kai, na gado, irin na ubansa. Tun a ɗakin haihuwa aka laƙaba masa Kabewa, sunan kuma ya bi shi. Kullum Maman Aku takan kifa shi a kan tabarma, ta kwanta a gabansa tana kaɗa makullai.

"Ɗago, Kabewa. Ɗago ka fitar da uwarka daga gidan nan."

Sai ya ɗago ya yi mata murmushi da dasashi, kan ya rinjaye shi, tim. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ita dai ta daɗe.

Ranar da nas ta sa masa 'yar hular kwano ruwan ƙwai, ya zauna ƙyam yana bin kowa da ido kamar alƙali, Maman Aku ta kusa rungume matar. Ta faɗa wa mijinta a waya tun kafin ta fita daga asibitin. Ya yi ta murna, ya ce ta bar masa komai, shi zai shirya.

Da safiyar ranar hutu ta yi wanka, ta ɗauko wandon da ta daɗe ba ta sa ba. Ya matse ta, ba ta damu ba. Ta nufi lungu ta fara kwashe shanya tana 'yar waƙa. Ta janye tawul, ba ta ga sirdi ba. Ta janye zanen goyo, babu sarƙa. Feda ɗaya ce ta rage. Inda ƙararrawa take, sai zoben tsatsa.

Tana nan tsaye da safa a hannu Baban Aku ya hawo bene yana haki, hannuwansa duk baƙin mai, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Maman Aku, zo ki leƙa ta taga! Na ɗaura wa Kabewa kujera a gaba, Aku a baya. Duk su biyun ni zan ɗauka."

"Ina sarƙar kekena?"

Ya sosa ƙeya. "Au. Ai tawa ce ta tsinke kwanaki, na ga naki a rataye yake kawai."

"Feda fa? Sirdi fa?"

"Aro na yi, wallahi duk zan mayar miki. Yau dai ki huta. Rabonki da barcin kirki tun yaushe? Gidan duk naki ne, ba mai damunki."

Har zuciyarsa yake faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da mugunta ce, da ta san ta inda za ta fara faɗa. Amma mutum ya kawo maka alheri hannu bibbiyu, Aku na tsalle a bakin ƙofa tana ihun a tafi a tafi, me za ka ce? Da hannunta ta ɗaura wa Kabewa igiyar hular a ƙarƙashin haɓa, ta sa yatsa ta tabbatar ba ta matse shi ba.

"A dawo lafiya," ta ce.

Ƙofa ta rufu, gidan ya yi tsit. Ƙafafunta suka kai ta taga ba tare da ta aike su ba. Can ƙasa ta hango 'yar hular ruwan ƙwai a gaban keke, kan a tsaye, ko rawa ba ya yi. Wuyan da ta yi wata da watanni tana jira ya yi ƙwari, ya kuma fitar da mai shi. Da suka zo kwana, Baban Aku ya ɗaga mata hannu ya buga ƙararrawa, muryar nan mai dishi-dishi ta hawo har saman bene.

Ashe kekenta ya daɗe yana fita yawo. Ita ce kawai ba a tafiya da ita.

Ta koma lungu. Tawul ɗin da ta kwashe bai gama bushewa ba, sai ta ɗauka ta sake shanya shi.