Awakin Aro Ranar Jarrabawar Juci

…kuma ruwan dafa kofin nan ya ƙi tafasa, yau da baƙi ke tsaye a rana. Ɗanyen itace. Wa ya shigo min da ɗanyen itace? Aristeu mana, wa kuma, mijin nan nawa da ya tashi tun asuba yana gyara abin da ba wanda ya sa shi. Yaya Creuza, da kina nan da kin ga ƙanwarki, hannu a murhu, ido a taga.

Ga su can bakin garke. Malama Edilene da malafarta, Malam Genival yana ta sharce gumi, sai tsoho Seu Otacílio na ƙungiyar iyaye, ya dogara da sandarsa. Su ne za su yanke hukunci. Juci a tsakiyarsu, Jucimara 'yata, cikin rigar da na goge mata… Wai jarrabawa ke nan. Ta ƙarshe, ta fita sakandare. A garken awaki, Yaya! Ke da kike can birnin São Paulo dariya za ki yi, na san halinki, ki ce ƙauyawa sun ƙirƙiro makarantar da akuya ke ba da sakamako. Yi abarki. Haka makarantar 'ya'yan manoma take yi — rabin wata yara suna can, rabin wata suna gida, kowa ya ɗauki aiki ɗaya ya riƙe shi har shekara, a ƙarshe malamai su tako har gidan ubansa su gani da idonsu, su yi masa tambayoyi, ya kare kansa. Ita awakin nono ta zaɓa, da harawar da za ta riƙe su in fari ya zo.

In ta ci, ta gama. In ta faɗi… ai kin fi kowa sani, ke kika samo mata gurbin. Gidan matar da kike wa aiki, wanki da guga da rainon 'ya'yan wasu. Ban zarge ki ba, taimako kika yi. Da bakina na amsa, a gaban Aristeu na amsa, na ce in wannan ma ta faɗi, ana gama bikin waliyyi São João ta hau mota. Da bakina! Wace irin uwa ce ke — a'a, bar wannan. Kofi. Ina na ajiye mazarƙwailar?

Shi kuwa gogan naki ga shi can ya raɓe jikin shinge, yana murza hula a hannu. Kin san abin da ya yi? Awakin Juci biyu sun mutu watan jiya. To yau da sassafe sai ga shi yana jan wasu biyu da igiya, masu ƙiba, nono har ƙasa, daga gidan Nivaldo maƙwabcinmu. Aro. Wai a cike gurbin kada malamai su ga giɓi. Na ce Aristeu, kanka ɗaya kuwa? Ya ce, “Lindaura, ki rufa min asiri ki yi shiru. Jarrabawa ce, ba a nuna gawa a jarrabawa. Mutanen birni ne, wa zai tsaya duba kunne?” Mutanen birni! Otacílio a wane birnin aka yanke masa cibi? Awakinmu duk a daji ɗaya suke kiwo, da me ake gane na wane in ba da kunne ba? Kowane gida da yankansa. Namu tsaga a dama, na Nivaldo an gutsure bakin na hagu, yaron goye ma ya san wannan. Kafin in kwance igiyar sai ƙarar motarsu a kan hanya. Juci ta fito, ta kalli awakin, ta kalli ubanta… Fuskar nan tata ta koma kamar toka.

Wannan fuskar. Na san ta, kai, na san ta —

Makarantar gari, safiyar jarrabawa, tana durƙushe bayan ɗaki tana amai. Daren jajibiri ta karanta min komai da ka, ina dama garin rogo tana zubo min sunayen koguna, ba gargada. Da safe a miƙa mata takarda, a ce minti kaza, kowa ya yi shiru… shi ke nan. Kai ya ɗauke. Tafin hannu ya jiƙe har takardar ta yi laushi. Ta dawo min da jan biro, ta maimaita aji, ta sake maimaitawa, har ƙannen ƙawayenta suka iske ta suka wuce. Wani malami mai gashin baki ya dube ni ya ce, “Dona Lindaura, ba kowa aka yi don karatu ba.” Na ce kai ma ba don koyarwa aka yi ka ba, amma ga ka nan ana biyan ka. Aristeu ya ja ni waje da ƙyar. Ban yi nadama ba, gobe ma zan ƙara. Amma a hanyar gida, Yaya, ina bayan babur ina kuka, domin can cikin raina na fara yarda da mai gashin bakin.

Ya tafasa. Allah na gode maka. Kofuna, tire, cuku. Cukun nata ne, ita ta yi shi, su ci su ji.

Wayyo. Otacílio ya sunkuya. Ya kama kunnen akuyar Nivaldo, yana murza shi tsakanin yatsu kamar mai taya yadi a kasuwa. Ya gani. Ya za a yi bai gani ba? Ya saki, ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya zuba wa Juci ido. Jira yake. Uwa Maryamu, jira yake ya ga ko za ta… In ta yi shiru ta zama maƙaryaciya a idon tsohon da ya san kakanta. In ta yi magana ta tona ubanta a gaban baƙi. Aristeu, ka ga inda ka jefa yarinyar nan? Ka gani?

Ba zan iya tsayawa a taga ba. Tire a hannu, na fito. Tsakar gida ta yi min nisa yau. Kaji, ku ba ni hanya.

Muryar Juci. Tana rawa, amma tana fita —

“Malama, kafin mu ci gaba. Waɗannan biyun ba nawa ba ne, na Seu Nivaldo ne. Baba ya aro su don yana jin tsoro saboda ni. Nawa sun mutu, kuma ni na jawo.”

Na tsaya ina saurare. Kofi na zuba a tire, bari ya zuba.

Tana faɗa musu. Ganyen rogon daji, wanda take shanyawa ta yi harawa… ɗanye dafi ne, sai ya bushe ƙayau dafin ke fita. Hadari ya taso, ta ji tsoron ruwa ya lalata mata shanya, ta kwashe shi da sauran danshi, ta zuba musu. Kafin rana ta yi tsaka biyu suna shure-shure. Ina nan ranar, Yaya. Na ɗauka za ta shige ɗaki ta rufe ƙofa kamar kwanakin jan biro. Ina! Ta zauna gabansu har suka daina motsi, sannan ta ce Baba ba ni wuƙa. Ta farke cikin ɗaya, ta duba abin da ke tumbin, ta ƙulle sauran ganyen a buhu ta tafi da shi makaranta a bayan motar madara. Ni ina ta faɗa, wai wa ya ce ki taɓa mushe. Ni ke nan, faɗa kawai na iya.

Yanzu tana jan su zuwa rumfar da ta kafa bayan garke, mai rufi, don ko hadari ya taso shanya ba za ta jiƙe ba. Ta damƙi ganye ta murtsuke shi a tafin hannu, ya zama gari, ta ce sai ya yi haka. Ta ce ta bi gidajen maƙwabta ta gaya musu, domin har da masu yin yadda ta yi, Allah ne kawai ya tsare. Muryar ta daina rawa. Yaushe ta daina? Malam Genival bai raga mata ba, kada ki ɗauka wasa ake — harawa nawa akuya ke ci a yini, wannan tarin zai kai ki ruwan farko ko ba zai kai ba, in bai kai ba fa? Ta tsuguna ta ɗauki tsinke tana lissafi a ƙasa. Lissafi, Yaya! Yarinyar da aka ce kanta ba ya ɗaukar lissafi. Ya sake jefo wata a kan ciwon hantsa, ta ce, “Wannan ban sani ba, Malam. Amma na san wanda zan tambaya, kuma ba zan ba da magani da ka ba.” Na ce shi ke nan, ta faɗi. Sai na ga Malama Edilene tana gyaɗa kai tana murmushi. Ashe akwai makarantar da yaro zai ce ban sani ba, a ƙirga masa shi cikin abin da ya iya?

Edilene. Matar nan da ta zo a kan babur shekarun baya, duk ta yi buɗu-buɗu, ta zauna a kan turmina ta ce an ce akwai yarinya a nan da ta daina zuwa makaranta. Na ce an ce ba ta da kai. Ta ce, “Wa ya auna kan, da me ya auna?” Na kusa korar ta, na ɗauka 'yan neman ƙuri'a ne. Da na kore ta fa? Allah, da na kore ta…

Otacílio ya karɓi kofi, ya kurɓa, ya juya wajen shinge. “Aristeu! In ka mayar, ka gaishe min da Nivaldo. Ka ce masa awakinsa sun yi ƙoƙari, amma ba a rubuta sunansu a makarantar nan ba.” Dariya har da Malam Genival. Aristeu kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi masa kyau. A'a… bai yi ba. Bawan Allah. Shi a zamaninsa kuskure ɗaya bulala ce a tafin hannu, ita ta kore shi daga aji tun bai iya haɗa sunansa ba. Abin da ya sani ke nan, in masu dubawa za su zo, a ɓoye ɓarna. Juci ta ratsa ta gabansu ta je ta dafa kafaɗarsa. Ban taɓa ganin idon mutumin nan ya yi ja haka a gaban mutane ba. Zan yi masa faɗan anjima, ba zan fasa ba, amma kaɗan zan yi.

Sun koma ƙarƙashin bishiyar umbu su uku, sun haɗa kai. Ni na dawo gaban murhu, waken nan zai kama. Na gode, na gode, na gode. Wa zan fara gode wa? Edilene da babur ɗinta. Genival da tambayoyinsa masu tsauri, da bai raina ta ya sassauta ba. Tsohon nan da ya ga kunne ya riƙe bakinsa, ya bar mata maganar ta zama tata. Har ke, Yaya, da kika buɗe mata ƙofa lokacin da duk sauran suke rufe. Ko me suka yanke, yau na ga 'yata tsaye, ana tambaya tana amsawa, mutane uku masu hankali suna sauraron ta har ta kai aya. Ban taɓa ganin haka ba. Ni kaina ban taɓa sauraron ta haka ba…

Inuwa a ƙofa. Edilene ce, malafa a hannu.

“Dona Lindaura, bakinmu ya zo ɗaya. Jucimara ta ci.”

Ludayi ya faɗi. Bar shi. Ba za ta hau motar ba, kin ji, Yaya, ba za ta hau ba, ki ba matar nan haƙuri ta nemi wata —

Edilene ba ta gama ba. Me kuma? Makarantar koyon kiwo a birnin Juazeiro… suna da gurbi, suna so su ba da sunanta… shekaru, kwana can, sai hutu. “Amma ba ma ba da sunan yaro sai mutanen gidansa sun yi shaida. Ba tambayarki muke ko yarinyar kirki ce ba, wannan mun gani. Za ta iya tsayawa da ƙafarta inda ba kya nan? Ke kika fi mu sani. Ki zo ƙarƙashin bishiya ki faɗa mana.”

Ta juya ta tafi.

Juazeiro. Ni duk tsawon shekarar nan na ɗauka in ta ci zama za ta yi. Haka na lissafa, ta ci, ta zauna, awakinta, cukunta, muryarta a tsakar gida da safe. Ba wanda ya yi min wannan alkawarin, ni na yi wa kaina. Ashe ko ta ina tafiya ce. In na ce ba ta isa ba tukuna, za su yarda da ni, Edilene ba za ta musa ba, a bar min ita… kuma ƙarya ce. Za ta iya. Allah ya sani za ta iya, ni ma na sani, kuma ni aka ce in faɗa.

Ga Juci can tana leƙen taga, tana nema na da ido. Sun jawo min kujera a inuwa, Otacílio yana kaɗe ta da hularsa. Ina zuwa. Na ce ina zuwa… bari dai in sauke waken nan, in ɗan zauna a bakin murhu kaɗan, kaɗan kawai.