Kaset ɗin da Bai Kira Sunan Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa kai wa Abdulwasi'u gyaran mukayyif a shagonsa na unguwar Mansur a Makka ya san labarin "Rijiyar Kan Hanya", ko yana so ko ba ya so. Na'urar sanyaya ɗakinka ce ta lalace ka kawo, amma kafin ya kwance ƙusa ta biyu ya fara ba ka tarihi: shi ne mai jitar ƙungiyar Ayarin Tasawa, can Nijar, kafin ya zo Makka shekara talatin da shida da suka wuce, kuma cikin kaset goma sha ɗaya da ƙungiyar ta fitar babu kamar na huɗu, wato "Rijiyar Kan Hanya", wanda shi ya tsara waƙoƙinsa. Mutumin kirki ne, amma in ya kama wannan zance, wallahi sai ka gwammace ka koma gida ka sha zafinka.

"Ka san abin da ya hana shi karɓuwa?" haka zai ce, yana nuna ka da sukuddireba. "Ba mu kira sunan kowa ba. Waƙa takwas, babu Alhaji wane, babu Hajiya wance. Mai haƙar rijiya muka yi wa waƙa, da matar da ke jiran mota a tasha, da raƙumin da ya tsufa. To wa zai yi maka liƙi a kan raƙumi?"

Daga nan sai yabo. A wannan kaset ne kaɗai jita ta rage murya ta bar wa gurmi hanya. Ganga ba ta danne mawaƙi ba. A ɗaki ɗaya aka ɗauka, wuni ɗaya, har numfashin mai rerawa kana ji. Sai dai masu sayar da kaset a kasuwa suka ce wannan ai ta zaman makoki ce, ba a rawa da ita. Ɗari biyu aka buga, suka zauna suna shan ƙura. Sabitu, shugaban ƙungiyar, wanda shi ya rera waƙoƙin da bakinsa, ya tsaya a gaban kowa ya ce Wasi'u ya kusa kashe su da yunwa. Zuciya ta ɗebi Abdulwasi'u, ya ɗauke uwar kaset ɗin, wadda daga ita ake kwafar sauran, ya jefa a jaka ya biyo alhazai. Tun daga ranar bai sake taɓa jita ba.

In wani ya ce, "To sa mana mu ji mana," sai ya ɗaure fuska: "A Makka? Ku ji tsoron Allah!" A yi dariya a wuce.

Wata ranar Litinin bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta ce sunanta Mubina, 'yar Sabitu. Ta kawo mahaifinta Umra, sun sauka a unguwar Misfala. Ta ce ta shekara biyu tana tattara aikin ƙungiyar don ta ɗora a intanet kafin tsofaffin su ƙare. Ta samu goma. Na huɗun ne ta nema a Tasawa, ta nema a Maraɗi da Damagaram, har Kano ta aika, ko ɓawonsa ba a gani ba.

"Baba ya ce uwar tana wurinka, Kawu. Kai kaɗai ka rage mana."

Abdulwasi'u ya ce in sha Allah gobe da hantsi zai zo.

Abin da ba ya faɗa wa masu kawo gyara shi ne wannan. Shekararsa ta uku a Makka, lokacin babu wayar hannu, da kaset ake aika saƙo gida: ka zauna gaban rakoda ka gai da kowa da sunansa, ka ba wani alhaji ya kai. Matarsa Batulu, sabuwar zuwa, kewar uwarta na cin ta, ta ji motar alhazan garinsu za ta tashi zuwa Jidda bayan azahar. Babu sabon kaset a gidan, shaguna kuma sun rufe don salla. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ma san abin da ke cikin jakar ba. Shi ne ya buɗe, ya ciro uwar kaset, ya toshe ramukan samanta da salatif don ta karɓi ɗauka, ya miƙa mata. Ya gaya wa kansa tuba ce. Tuba ina! Haushin Sabitu ne, yana so ya ƙona abin da zai sa wata rana a yi da-na-sani. Batulu ta cika gaba da baya da gaisuwa da kuka, waƙoƙin duk suka goge, kaset ya tafi, surukar ta rasu tuntuni, kaset kuwa Allah kaɗai ya san inda ya ƙare.

Washegari ya kama hanyar Misfala yana ɗinka ƙarya yana warwarewa. Ya ce ruwa ne ya ci? Ya ce a ƙaura ta ɓata? Yana kutsawa cikin masu harami da ke gangarowa daga Ka'aba, kunya ta kama shi, ya rasa wadda zai riƙe.

Ya tarar da Sabitu zaune a bakin gado, an aske masa kai, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muryar nan da take cika fili ba lasifika ta koma 'yar siririya.

"Ɗan Jita! Kai ne ka yi furfura haka?"

"Maigida, ai kai ko furfurar ba ka da ita."

Suka yi dariya, suka rungume juna, suka yi ta lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya: mai gurmi, mai ganga, direbansu. A kan tebur Mubina ta riga ta ajiye tsohuwar rakoda da igiyar da za ta haɗa da wayarta. Abdulwasi'u ya kasa kallon wajen.

Sabitu ya kama hannunsa. "Kafin ka ciro, bari in sauke nauyi. Na zalunce ka, Wasi'u. Ni na rera, amma wallahi ban taɓa zama na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kasuwa ta ce bai yi ba, ni ma na ce bai yi ba. Yanzu dubi sauran goman. Alhazan da muka wasa duk sun mutu, 'ya'yansu ma ba sa nema. Ni kuwa in na kwanta ciwo, ba abin da ke yawo a kaina sai ta mai rijiyar nan, rabi-rabi, na kasa kamo ta. So nake in ji ta sau ɗaya kafin in tafi."

Da zagi ya yi masa, da ya fi sauƙi. Abdulwasi'u ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, har salatif ɗin bai ɓoye ba.

Mubina ta zare igiyar daga wayarta a hankali.

"Da hannunka?" in ji Sabitu.

"Da hannuna, Maigida. Don in ƙuntata maka."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, yana gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba. Can ya share ido da bayan hannu ya ce, "To, halas, shi ke nan. Ni na fara, kai ka ƙarasa. Amma ai kai ka tsara su. Rera mana haka nan, ba kiɗa, yarinyar nan ta ɗauka. Ni zan bi ka."

Mubina ta matso da wayar. Abdulwasi'u ya gyara zama, ya yi gyaran murya, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Wannan kam mai sauƙi ne, abin da yake magana a kai kullum.

"Mai haƙar rijiya, sama ta yi maka ƙanƙanta..."

Ya tsaya. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Ya ce bari ya gwada ta matar tasha. Ya san minti shida ce, ya san gurmi ne ke buɗe ta, ya san ita ce mafi kyau a bayan kaset ɗin, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Ta raƙumin ma haka. Shekara talatin da shida yana yabon waƙoƙin nan ga duk wanda ya tsaya, bai taɓa rera su ba ko a zuci.

Sabitu na kallon bakinsa, leɓɓansa a buɗe, yana jiran baiti na biyu don ya karɓa.

"Maigida," in ji Abdulwasi'u, hawaye na bin gemunsa, "babu. Iyakarta ke nan."