Haƙora Ashirin na Malam Maman

Shekara goma sha huɗu na yi ina jan taksi tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, ban taɓa riƙe motar da kwantar ɗinta ke da rai ba. Allurar gudu da 'yan lambobin nan masu ƙirga kilomita, a wurinmu ado ne kawai. Shi ya sa ranar da Madam Febi ta kafe sai an bar mata nata yana aiki, na ce a raina baƙin ciki ne ya taɓa matar nan.

Daminar 1996 ce. Madam ita ke riƙe da ɗan ɗakin shan magani na 'yan mishan a Madarunfa. Mijinta, Malam Nuhu, shi ke kai wa masu tarin fuka magani cikin daji duk wata, shi kaɗai, a wata tsohuwar mota familiyal da wani Bature ya bar musu. Da ya rasu aka ɗauke ni direba. Ko sati ban yi ba motar ta zauna mini a bakin kasuwa. Otomatik ce, buwat ɗinta, wato akwatin da ke canja gudu, ta ci shekara goma sha takwas, ta ce ta gaji.

Muka tura ta garajin Malam Maman, ƙarƙashin dogon yaro a hanyar tabki. Ɗan gajere ne mai tabarau ɗaure da zare, kuma magana a wurinsa kamar sayen ta yake. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya ce, "Madam, irin wannan buwat ko Katsina ba a samu. Sai dai a sa mata ta hannu, a ƙara mata feda ta uku."

"A sa. Amma kwantar fa, Malam Maman?"

Na yi dariya. "Haba Madam! Mota ba ƙafa, ke kina tambayar ɗan kunne?"

Ba ta ko dube ni ba. Ta ciro wani kaye, wato littafin rubutu, mai baƙar fata daga jaka ta buɗe masa. Rubutun marigayi ne, shafi sittin, kowace ruga da nata shafi. Daga tsamiyar Gabi, kilomita 7,7 ka yi hagu. 12,1 ka bar hanyar amalanke. Haka har ƙofar gidan mara lafiya.

"Ni ban taɓa bin sa ba," in ji ta. "Akwai wata Zainabu bayan Gabi, maganinta zai ƙare ran Alhamis mai zuwa. In ya yanke mata, ciwon ya dawo, kuma ba lalle ya ƙara jin magani ba. Wata biyar ke nan tana sha."

Na ce ai sai mu yi tambaya a hanya. Sai ga Malam Maman ya yi magana mai tsawo.

"Hamisu, gero ya fi motar tsawo yanzu. Kuma ka taɓa tambayar manomi ya ce maka da nisa?"

Gaskiyarsa. Ko gobe za ka isa, nan kusa ne zai ce maka.

Ya samo buwat ta hannu daga wata mota da ta kife. Kwana huɗu yana kai. Ya huda wurin feda, ya yanke ƙarfe ya ƙara, ya ɗaura, motar ta tashi tana canja gudu sumul. Wallahi da na ja ta sai da na ji kamar sabon aure. Na ce an gama. Ya ce da saura.

Ashe kwantar da wata waya yake aiki, doguwa, mai juyawa cikin kube, daga bayan allura har gindin buwat. A can ƙarshenta akwai ɗan faifai mai haƙora, bai fi maɓallin riga ba, shi ke juya ta. Na tsohuwar buwat ya narke tare da ita, na sabuwar kuma ya farfashe a hatsarin. Ko wane makanike na sani, da ya cusa wayar cikin ƙarfe ya ɗaure da roba, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Malam Maman sai ya je wurin maƙera ya sayo gutsuren tagulla. Ya zauna a kan tsohuwar taya da 'yar zartonsa irin ta masu gyaran agogo, yana fitar da haƙora ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa, yana ɗagawa sama yana dubawa. Ni ina zaune ina tsokanarsa, ina cewa in ya gama ya yi wa kakata nata. Ko murmushi bai ba ni ba. Haƙora ashirin da biyu ya fitar.

Ran Lahadi muka hau gudoro, wato kwalta, gwaji. Ya sa ni in tsaya daidai dutsen kilomita, muka ƙirga duwatsu goma. Kwantar ya nuna goma cif, ko ɗigo babu. Na buga sitiyari na ce, "Kai, Malam Maman, kai aljani ne!" Ya cire tabarau ya goge, wannan ita ce dariyarsa.

Ran Litinin muka kama hanya ni da Madam, kaye a cinyarta. Daga tsamiyar Gabi muka fara ƙirga. Da kwantar ya kai 7,7 babu hanyar hagu, sai da muka ƙara gaba kaɗan muka ga wata. Muka bi. A 12,1 babu hanyar amalanke balle a bar ta. Muka yi ta bulayi cikin gero, ganye na marin gilashi, har na zuba motar cikin gonar wake ta wani bawan Allah, ta nutse. Shanu biyu suka ja mu. Mai gonar ya zage ni tas, kuma da gaskiyarsa.

Da la'asar na dira garajin, laka har gwiwa, raina a ɓace. "Ga aljaninka nan! Kwana biyu kana goga tagulla, ka kai mu gonar wake!"

Malam Maman ya miƙe. Ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya karɓi kayen daga hannun Madam. Ya yi ta buɗawa a hankali har ya iso wani shafi da marigayi ya bi gudoro, ya rubuta lambar duwatsu biyu. Ya ɗora yatsa a wurin.

"Tsakanin nan da nan goma ne, jiya muka auna. Shi sha ɗaya ya rubuta."

Madam ta ce, "Nuhu ba ya kuskuren rubutu."

"Bai yi ba, Madam. Abin da kwantar ya nuna masa ya rubuta. Tsohuwar buwat tana ƙara ɗaya cikin goma, duk shekarun nan. Ni na yi kuskure. Na auna da hanyar gwamnati, ban auna da hanyar Malam Nuhu ba."

Kunya ta kama ni, amma bakina ba ya zama. Na ce to ai da sauƙi, a ɗauki biro a gyara lambobin.

Madam ta janye kayen ta rungume. Malam Maman ya harare ni ta saman tabarau.

"Shafi sittin? Ka ɓata ɗaya, wani ya rasa magani. Kuma ni mota aka kawo mini gyara, ba rubutun mamaci ba."

Ya koma kan tayarsa da sabon gutsuren tagulla. Mutumin da ya yi abu daidai cif, ya zauna da hannunsa zai mayar da shi karkatacce, don ya dace da na wani. Na san makanikai da yawa, wallahi girman kai ba zai bar su ba. Talata ya fitar, na farko ya tsage a haƙori na sha bakwai. Ya ajiye shi gefe, ya ɗauki wani. Wannan karon ban tsokane shi ba, ni na riƙa kawo masa shayi. Laraba da azahar ya gama, haƙora ashirin. Muka hau gudoro, duwatsu goma, kwantar ya nuna sha ɗaya. Ban taɓa murnar ganin ƙarya irin ta ranar ba.

Ran Alhamis ya rufe garaji ya shiga bayan mota, wai yana son jin kukan wayar. A 7,7 ga hanyar hagu, 'yar siririya, wadda muka wuce ran Litinin ba mu ko lura ba. A 12,1 ga sawun amalanke ya karkata. Madam tana karantawa, ni ina juya sitiyari kamar wani ke riƙe da hannuna. Layin ƙarshe ya ce: 23,1 ka tsaya, ka yi oda sau biyu, suna da kare.

Na tsaya. Gero gabas, gero yamma, ba bukka ba hayaƙi. Na sake duba kwantar. Malam Maman ya ce, "Yi odar mana."

Na danna sau biyu. Kare ya yi haushi. Sai karan gero ya buɗe, wata mata siririya ta fito da sauri, riƙe da kwalbar magani da ba komai ciki, tana kiran mutanen gida.

"Ku fito, Malam Nuhu ya zo! Na ce muku ba ya saɓa rana!"

Ta iso tagar direba ta gan ni, ta yi turus. Ashe labari bai iso su ba. Ni dai na sunkuyar da kai. Madam ta rufe kayen, ta fita da ƙunshin magani, ta kama hannunta.

"Zainabu ko? Ni ce matarsa. Allah ya yi masa rasuwa, yau kwana ashirin da uku. Amma shi ya kawo mu har nan."

Suka rungume juna suna kuka. Na waiwaya in yi wa Malam Maman magana, na tarar ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa bai mayar ba.