Mai Ba da Baiti a Kabarin Estill

Ranar Lahadin da ake tunawa da mamatan gidan Caudill, Delmer Combs ya riga kowa hawa tudun maƙabartar. Ba ƙwazo ba ne, huhunsa ne ba ya son gaggawa. Ƙurar kwal ta cinye rabinsa, sai ya ɗan taka ya tsaya ya dafa bishiya, ya yi kamar kwarin da ke ƙasa yake kallo.

Ya tarar an yanke ciyawa, an jera bencina a inuwa. Aikin Lonnie ne. Lonnie ɗin da a da ake tsintowa a bakin hanya da kwalba a hannu, har ranar da Estill Caudill ya ɗora shi a a-kori-kura, ya damƙa masa injin yankan ciyawa, ya ce matattu ma suna son a gyara musu gida. Irin su Lonnie suna da yawa a wannan yanki na gabashin Kentucky. Da aka rufe ramukan kwal, maza suka rasa dalilin tashi da safe, Estill ne ya bi su gida-gida. Ya sa wannan gyaran rufin gwauraye, ya sa wancan kai marasa lafiya asibiti. Bai cika wa'azi ba. Cewa kawai yake Almasihu yana da aiki, kuma yana neman hannuwa.

Delmer ne kaɗai bai shigo hannu ba. Shi da Estill sun yi ƙuruciya tare, sun tsufa a rami ɗaya. Da idon Estill ya yi rauni, Delmer ne ke kai shi coci, shi kuma ya zauna a mota da gilashi a sauke har a tashi. Ba ƙiyayya yake da addinin ba. Shi dai ba zai buɗe baki ya ce ya gaskata abin da bai tabbatar ba. A bara aka binne Estill, wannan ne taronsa na farko a cikin waɗanda ake tunawa.

Verna, matar marigayin, ta iso tana haki, da tukunyar wake a hannu.

"Ka karya kuwa, ko kofi da taba ka zuba wa cikin?"

"Taba kuma? Da wane huhun?"

Ta ajiye tukunyar, ta zauna kusa da shi. "Ɗan'uwa Orbin yana asibiti tun jiya. Ba mu da mai ba da baiti."

Delmer ya gane inda ta dosa. A cocinsu ba kiɗa, ba molo. Mutum ɗaya ne ke jefo baiti da sauri, da wani kari nasa, jama'a su karɓa su ja shi a hankali, sannan ya jefo na gaba. Kalmomin suna cikin ɗan littafi, amma karin bayarwar ba a rubuce yake ba, a kunne ake gadonsa. Estill ne ya ba da baiti a kan kowane kabari da aka haƙa a tudun nan tun yana saurayi. Bayansa sai Orbin.

"To ina ruwana?" in ji Delmer.

"Kai, tsohon mai taurin kai! Kana tsammanin ban san kana rera waƙoƙin kana faskare ba? Har gidana nake jiyo ka."

Kafin ya amsa, Dattijo Hobart, mai wa'azin cocin, ya ƙaraso yana share gumi da hularsa. Verna ta faɗa masa tana so Delmer ya ba da baiti. Hobart ya ɓata fuska.

"'Yar'uwa Verna, kin san ƙa'ida. Wanda bai shiga ruwan baftisma ba ba ya jan jama'a."

"A cikin coci ke nan. Nan ƙasar kakan mijina ce. Ko kai za ka ja mana?"

"Ni? Kin manta ranar da na gwada, karnukan Lonnie suka kama haushi?"

"Hobart ya fi ki gaskiya," in ji Delmer. "Ba ma ƙa'idar ce ta dame ni ba. Waƙar nan cewa take na san Mai Cetona, na san inda za ni. Ni ban sani ba, Verna. In tsaya a kan kabarinsa in shara ƙarya? Mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba?"

"To sai a bar shi ba waƙa," ta ce, ta tashi ta tafi jera abinci.

Mutane suka yi ta hawowa, masu furanni, masu soyayyun kaji da burodin masara. Delmer ya zauna yana juya abin a ransa. Idan ya tashi, ya faɗi abin da ba ya cikin zuciyarsa. Idan ya zauna, mutumin da ya raka kowa da waƙa zai kwanta shiru, wai don Delmer Combs ya tsare gaskiyarsa. Sai ya fara zargin ko gaskiyar ma girman kai ce da ta sa rigar kirki. Ya auna nan, ya auna can, bai ga wanda ya rinjaya ba.

Hobart ya yi addu'a, ya karanta sunayen mamata, na Estill a ƙarshe. Nan ne ya kamata waƙa ta tashi. Aka yi tsit, kowa na kallon takalminsa.

Delmer ya dafa benci ya miƙe.

"Kun san ni," ya ce. "Ba a yi mini baftisma ba, ban kuma zo in ce muku na ga haske ba. Abin da na ji a bakin Estill shi zan miƙa muku. Kayanku ne, ni ɗan aike ne."

"Mun sani, Delmer!" wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya. "Ja mana kafin kajin su huce!"

Aka yi dariya, shi kuma ya jefa baitin farko. Muryar ta fita a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa. Jama'a suka cafe ta suka ja, kowa da nasa lanƙwasar, har amon ya gangara kwari. Suna cikin ja ya samu ya cika ƙirjinsa, ya jefa na biyu. A tsakiyar kowane baiti yakan ɗan tsaya kafin ya ƙarasa, yadda ya saba ji a bakin Estill daga cikin mota. Ya hango Lonnie ya rufe ido, kansa a sama. Har aka gama Delmer bai ji wani abu ya sauko masa daga sama ba. Amma ya ji daɗi, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Da aka zauna cin abinci Verna ta tura masa faranti, tana dariya tana share ido.

"Wannan tsayawar da kake yi a tsakiya, wa ya koya maka?"

"Ai haka waƙar take."

"Ina! Numfashi Estill yake ja, bawan Allah. Tun da ƙurar ta kama shi ya fara. Da yana saurayi a tashi ɗaya yake kai baiti."

"Har na ɗauka shi ne ya dawo," in ji Hobart, bakinsa cike da kaza. "Ban ce ƙa'ida ta canja ba, ka ji. Amma ka ja."

Delmer ya daɗe yana kallon farantinsa. Ashe har ciwon abokinsa ya haddace, yana tsammanin kari ne.

Lonnie ya matso yana murza hula. "Delmer, Orbin ya tsufa, kai ma ga yadda kake. Ni amshi kawai na iya. Za ka koya mini?"

"Kai da muryar nan taka kamar injin ciyawarka?"

"Ita Allah ya ba ni."

"To ka zo gidana ranar Laraba. Ka zo da gatari, itacena bai ƙare ba."

"Da tsayawar zan koya, ko babu?"

Delmer ya ga wannan ma tambaya ce da za ta ci masa kwanaki. Ya gutsuri burodin masara, ya tsoma a romon wake.

"Kai huhunka lafiya lau," ya ce. "Amma ni yadda na ji haka zan ba ka. In ta zama taka, ka yi yadda ka ga dama."